Hulunan Mutanen Kan Dutse

Hula ta farko da na ɓata zanna ce fara mai aikin jan zare, ta wani direban babbar mota a tashar Jabi. Sauri nake yi, na zuba mata ruwan zafi. Kafin in miƙa hannu in ɗauko buroshi jan ya bi farin, ta koma kamar an tsoma ta a zoɓo. Maigidana Malam Bukar, Babarbare da ya zo Abuja tun ana saran daji, bai zage ni ba. Ya sayo wa direban wata, ya kifa min ɓatacciyar a kai, ya ce in yi ta sa ta har ranar da na iya aiki. Damina guda ina yawo da ita a tasha, kwandastoci suna kirana Mai Zoɓo.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke bi ta gaban rumfata a Nyanya kuna cewa, "Baba, wannan ai ruwa ne da sabulu." Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar ni mutumin kirki ne tun farko ba. Ina da gaggawa, ina da baki, za ku ji inda bakin ya kai ni. Amma sana'ar nan ba zan bari a raina ta a gabana ba.

Hula ba riga ba ce da za ka murɗe ka shanya. Kafin ta taɓa ruwa sai ka juya cikinta ka ga irin zaren, ka ga inda gumi ya ci, ka gane ko mai ita yana shafa mai a kai ko turare yake fesa mata, don kowanne da yadda yake fita. A ruwan sanyi ake jiƙa ta. Buroshi mai taushi na bayanta ne, mai ƙarfi na bakin ciki inda dauɗa take taruwa. In ta fita sai ƙaro ko sitaci, daidai yadda mai ita yake so, sannan a ɗora ta a gungumen ice mai siffar kai. Gungumen nan girma-girma ne. Ka ɗora hular mai ƙaramin kai a babban gungume, ranar Juma'a za ta sauko masa har kunne yana tsakiyar sahu. A inuwa take fara shan iska kafin rana, in ba haka ba launi ya tafi. Daga nan bugu da ƙotar ice, sai dutsen guga na gawayi, sai kari. Kowane mutum da inda yake karya hularsa, kuma ba ya faɗa maka sau biyu.

Malam Bukar yana da doka biyu da bai taɓa sassautawa ba. Ta farko, hular da ta riga zuwa ita take riga hawa gungume, ko ta mai tura baro ce. Ta biyu, hular mutum daga hannunsa sai hannunka, daga hannunka sai nasa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ɗauko wata da ba a wanke ba, ya juya ta ya sa min a ƙarƙashin hanci.

"Me ka gani?"

"Datti, Malam."

"Gumin kansa ne, ga gashinsa nan biyu a maƙale. Akwai masu neman wannan su kai wa boka. Ko yana ci ko ba ya ci, ba mu aka tambaya ba. Mutum ya ba ka wannan, kansa ya ba ka."

Aikina na farko a Kan Dutse huluna ne cike da jakar tafiya, na wani minista. Lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, sai garin ya cika da babbar riga. Wanda jiya yake sa kakin ofis yau yana neman hula ta dace da shadda. Kan Dutse suna ne da mu masu ƙananan sana'a muka sa wa wani rukunin gidaje a bayan Asokoro, mai katanga da ƙofa ɗaya, ba ka shiga sai da kati mai hotonka. Direban Ministan ne ya ga aikinmu a Jabi ya kai ni. Malam Bukar ya tsufa a lokacin, ya ce in je, ya ba ni gungume uku daga nasa.

Ministan dogo ne, ba ya son magana da safe, karinsa a hagu, sitaci kaɗan. Daga gidansa aiki ya bazu. Akwai Janar mai ritaya da ya haƙa tafkin kifi a bayan gida, shi ba ya son kari ko kaɗan, hularsa a miƙe kamar tana fareti. Akwai Mai Shari'a da yake fitowa da kansa ya karɓi kaya, ya ɗaga kowace hula ya duba ta a hasken rana kamar shaida ce aka kawo masa. Akwai babban sakataren wata ma'aikata da hularsa kullum ɗaya ce iri ɗaya, sai dai yana da ita cike da durowa. Akwai Hajiya 'yar kwangila wadda ita take zaɓa wa mijinta hular da zai sa, ita kuma take min faɗa in kari ya karkace. Akwai gidan wani gwamna da ba a kwana a cikinsa sai in ya shigo taro, amma fitilunsa ba sa mutuwa.

Mai gadin ƙofar, Ɗanladi, Bagwari ne, kuma ya fi kowa daɗewa a wurin. Ranar da na fara zuwa ya nuna min tafkin Janar da sandarsa.

"Ka ga wurin kifi ɗin nan? Gonar doya na babana ne. Gidan Mai Shari'a, nan kakana yake kwance. Yanzu ni ne ina tambaya mutane kati."

Ranar Alhamis nake karɓar kaya, safiyar Juma'a ta mako mai zuwa in mayar. Kuma kullum daga gidan Minista nake farawa, don shi ya riga kowa.

Ga inda na yi laifi. Shiga gidajen nan ta hau min kai. In na dawo Nyanya na zauna a teburin mai shayi, sai in buɗe baki. In faɗi wanda ya yi sanƙo yana ɓoyewa, in faɗi wanda yake rina gashi don na gani a bakin hularsa. Har nakan ce babu ɗakin da ba na shiga a Kan Dutse, alhali iyakata baranda. Direbobi da masu dafa abinci na manyan nan duk a Nyanya suke kwana, a teburin nan suke shan shayi. Ban yi tunanin maganata tana hawa mota ta koma inda na ɗauko ta ba.

Wata Alhamis na je karɓar kaya na tarar ƙofar gidan Minista fayau. An yi garambawul, an sauke shi. Da can sai ka ratsa mutane kafin ka kai ga ƙararrawa: maroƙa, masu neman aiki da takardu a leda, 'yan siyasar ƙauyensu, mai yankan farce, har mai shayi ya kafa tebur a gindin bishiya. Ranar ko tabarma ba su bari ba. Duk sun koma gida na uku daga nan, ƙofar wani Sanata da ya tare ba da daɗewa ba. Jiharsu ɗaya da Ministan, kuma kowa ya san kujerar gwamna ɗaya suke hange. Sanatan ma ina masa wanki, karinsa a gaba, sitaci har sai hula ta tsaya da kanta. Bai daɗe ba aka ba shi shugabancin ƙungiyar masu gidajen, katin shiga ya koma hannun ofishinsa.

Ban canza hanya ba. Safiyar Juma'a sai in wuce taron ƙofar Sanata da jakata, in fara kai na Minista, sannan in dawo. Mai yankan farce ya taɓa ce min, "Isuhu, kai ba ka jin rediyo ne?" Na ce ina ji, ban dai ji an ce an sauke kansa daga wuyansa ba.

Sanata yana da wani yaro mai suna Nura, mai riƙe masa waya da jaka, wanda kowa yake kira Furotokol. Ya yi boko sosai, takalminsa kullum kamar madubi. Shi yake miƙo min hulunan ogansa. Wata Alhamis da hantsi ya biyo ni har bayan tankin ruwa.

"Malam Isuhu, an ce babu ɗakin da ba ka shiga a nan."

"Surutun shayi ne, ranka ya daɗe."

"To surutun ya iso. Ƙaramin abu ne. Cikin hulunan tsohon Ministan nan da ka karɓo yau, ka ware ɗaya. Kada ta ga ruwa. Ka ba ni gobe, jibi in dawo maka da ita, ka wanke abinka ka kai masa. Wa zai sani?"

"Me za a yi da ita?"

Ya yi dariya. "Oga yana son irin aikin ne, za a nuna wa mai ɗinki."

"In don aiki ne ai wankakkiya ta fi nuna zare."

Ya daina dariya. Ya ce akwai sabbin gidaje da ake ginawa a ƙasan layi, duk abokan oga ne, kuma shi yake faɗa musu wanda za su ba wanki. Ya ce kuma shi yake sa hannu a katin shiga. Ya faɗi biyun a jere, murya ɗaya, yana duba wayarsa.

Da zan so in ce muku a take na ƙi. Ban ƙi ba. Cewa na yi, "To, bari mu gani." Na dawo rumfa a Jabi na zazzage jakar Minista, na zaɓi wata hula damanga ruwan toka wadda gumi ya fi kamawa, na sa ta a leda na tura ƙarƙashin benci. Sauran na jiƙa su. Na yi ta aiki ina zagaye bencin nan. Lokacin Malam Bukar ya koma Maiduguri, babu mai kallona. Da na zo jera huluna a gungume sai na ga gungumen Minista guda ɗaya a tsaye babu komai a kansa, cikin ukun da Malam ya ba ni. Shekaru ina ɗora hular mutumin nan a kai har icen ya yi santsi. Na sunkuya na jawo ledar, na juye damangar a ruwan sanyi, na bi bakinta da buroshi mai ƙarfi fiye da yadda take buƙata.

Washegari Juma'a, ina isa ƙofa da kayan makon da ya wuce na tarar Furotokol a tsaye kusa da ɗakin Ɗanladi. Ya miƙo hannu.

"Ina saƙona?"

"Tana kan gungume tana shan iska."

"Ban gane ba."

"Na wanke ta."

"Na ce maka kada ta ga ruwa."

"Ka faɗa. Ni kuwa mai wanki ne. Abin da ya shigo hannuna ruwa yake shiga, daga nan ya koma wurin mai shi. Na ogan naka ma haka nake musu, shi ya sa yake barci."

Ya dube ni daga hula har silifa. "Kai ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Kai ne mai miƙo min jaka."

Wannan ta ƙarshen ba ta zama dole ba, bakina ne. Ya juya ya ce wa Ɗanladi ya karɓi katina. Ɗanladi ya ɗan yi jinkiri, ya ce ko a bari in kai kayan mutane tukuna, ga sallar Juma'a ta gabato. Furotokol ya ce a ajiye a ƙofa, kowa ya aiko a ɗauka. Na ce hular mutum ba ta zama a ƙofa. Na zauna a kan kwalbati a waje da jakata a cinya, Ɗanladi ya riƙa buga waya gida-gida, direbobin da na sani suna fitowa ina damƙa musu. Mai Shari'a da kansa ya tako, ya ɗaga nasa a rana kamar kullum, ya tambayi abin da ya faru. Na ce kati ne ya ƙare. Ban faɗa masa ba, ban kuma faɗa wa Minista ba. Wannan karon na riƙe bakina, ko da yake a makare.

Da zan tafi na cire katin daga wuya na ba Ɗanladi. Ya juya shi a hannu.

"Kada ka damu, Mai Hula. Mu an kore mu da gona da kabari duka, ga ni ban mutu ba. Kai kati kawai ne."

Shekarar ba ta tsaya a nan ba. A cikinta aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari, ga shi da shi nake yawon karɓar kaya. A cikinta motar rusau ta bi layin rumfunanmu a Jabi. Ina cikin sitaci aka ce ga ta nan, abin da na iya fitarwa gungumena ne da dutsen guga da hulunan mutane da na tattara a zani. Bahon wanki da benci a nan suka tafi. Na kwashi abin da ya rage na nufi Nyanya. Mutanen Kan Dutse kuwa ba wanda zai aiko direba ya ratsa cunkoson Nyanya saboda hula, ga masu wankin inji sun buɗe shaguna masu gilashi a kusa da su. Ɗaya bayan ɗaya suka daina. Ban ga laifinsu ba. Minista ne kaɗai ya ci gaba da aikowa, har ya sayar da gidan ya koma garinsu, can ya rasu.

Na kafa rumfa a bakin tashar Nyanya na koma inda na fara: direbobi, 'yan kamasho, masinjojin ofis masu hula ɗaya tak wadda dole ta bushe kafin Litinin. Akwai watannin da iyalina suka koma ƙauye don abin da nake samu ba ya riƙe mu a nan. Abokan sana'a suka ce in je in ba Furotokol haƙuri, ai kalma ɗaya ce. Na ce haƙurin me, na wanke hula? Wanda ya maye gurbina a Kan Dutse na san shi, tare muka yi koyo. Ban taɓa tambayarsa abin da aka nema a wurinsa ba, shi ma bai taɓa kallon idona ya faɗa ba.

Labarin unguwar yana iso ni ta bakin Ɗanladi, don duk ƙarshen wata yakan biyo ta tasha in zai je ganin danginsa. Janar ya rasu, 'ya'yansa sun cike tafkin kifi sun yi wurin ajiye motoci. Gidan Mai Shari'a wani yaro mai harkar mai ya saya ya rushe, ya tayar da bene. Hajiya tana nan, ta ƙara gida biyu. Sanata ya nemi gwamna bai samu ba, ya nemi komawa kujerarsa ita ma ta kuɓuce, taron ƙofarsa ya tashi da tabarminsa ya koma gaba. Yanzu rabin masu gidajen ba su san sunan wanda ya fara zama a cikinsu ba. Ɗanladi ya sani, ni ma na san girman kan kowannensu.

Bara, wata Laraba da rana, ina bugun hular wani mai sayar da katin waya, sai baƙar jif ta tsaya a gaban rumfa ta tare wa masu lemo hanya. Ɗan sanda ya fito daga gaba zai karɓi jakar da ke hannun na baya, na bayan ya hana shi. Ya tako da kansa cikin taɓo, rungume da jakar a ƙirji. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu, amma takalmin yana nan kamar madubi.

"Salamu alaikum, Malam Isuhu. Ka gane ni?"

"Wa alaikumus salam. Furotokol."

Ɗan sandan ya ce, "Onarabul ake cewa."

Nura ya ɗaga masa hannu. Ashe ya ci zaɓen majalisa, kuma gidan da ya saya a Kan Dutse shi ne na Minista. Ya zauna a bakin bencina ba tare da an ce ya zauna ba, ya buɗe jakar. Huluna ne masu tsada, duk sun yi dauɗa, wasu har gumi ya bushe ya yi fari a bakinsu. An daɗe ba a wanke su ba.

"Duk masu wankin garin nan ba su ishe ka ba, sai ka ratso Nyanya?"

Ya kalli gungumen da ke jere. Sannan ya rage murya yadda ɗan sandan ba zai ji ba.

"Zaɓe ya matso, Malam. Ban san wanda zan ba ba. Kowa ina tunanin an riga an yi magana da shi." Ya ɗan murmusa. "Kai kaɗai ne na tabbatar. Ni na gwada da kaina."

Ya ce zai sa a yi min sabon kati, in riƙa zuwa gida ina karɓa. Na ce na daina shiga inda sai da kati. In yana so ya kawo da hannunsa, ya zo ya karɓa da hannunsa. Ya ce ya yarda. Na tambayi karinsa, ya ce a hagu, sitaci kaɗan. Na auna bakin hula ɗaya da tafin hannu, na duba gungumena, na ga wanda zai yi daidai da ita. Na Minista ne.

"Gobe da yamma zan samu? Ina da taro jibi."

Na nuna masa layin da ke kan tabarma. Akwai ta mai katin waya, akwai biyu na wani direban Keffi, akwai ta ladanin masallacin tasha.

"Waɗannan sun riga ka. Asabar."

Ɗan sandan ya buɗe baki zai yi magana. Nura ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki jakar da kansa ya ajiye ta a ƙarshen tabarma, bayan hular ladan.